Ranar da aka ba da ni saƙo

Ranar Juma'ar farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji biyar na firamare, na tsaya a filin jirgin sama na Ikeja sanye da riga a kan riga a kan riga, ina zufa kamar an ɗora ni a tukubar tsire. Rabin rigunan ma ba nawa ba ne, har da wata ta mace mai furanni. Gefena Baba ne da babbar rigarsa, bayanmu kuma kaya ne tuli wanda, wallahi, da jirgin ya leƙo ya gani da kansa zai koma gida.

Mu 'yan Agege jirgi ba baƙonmu ba ne, a kanmu yake wucewa safe da yamma. In muna buga ƙwallo a bakin titin jirgin ƙasa, ko muna layin ruwa da bokitai, da mun ji ƙararsa sai mu saki komai mu bi shi da gudu muna ihu, "Direba, tsaya akwai mai sauka!" To ranar da Baba, dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, ya dawo ya ce wani kamfani ya karya farashi, shi da ni za mu Kano ta sama kakata ta gan ni, ban sake zama wuri ɗaya ba. Na gaya wa 'yan ajinmu, na gaya wa mai shayi, na gaya wa kwandastan motar haya ta danfo da bai tambaye ni ba. Na yi wa abokina Tunde alkawarin zan tofo masa yawu ta taga. Wannan bakin nawa shi ya jawo mana komai.

Don a gidanmu na haya, duk mai tafiya Arewa motar kowa ne. Ba a tambayarka, kawowa ake yi. Mai goro ya kawo huhu guda a kai wa surukinsa, wani ya kawo burodin Agege, wata garin rogo, wata kayan gwanjo na yaran ƙanwarta. Daga ƙarshe Mama Talatu, 'yar Kafanchan da ke ɗakin kusa da namu, wadda ta sha goya ni in Umma ta tafi kasuwa, ta kawo jarkar manja a kai wa 'yarta da ta haihu a Sabon Gari. Baba ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Kamar ya isa." Duk gidan babu wanda ya taɓa shiga jirgi, don haka babu wanda ya ce mana jirgi mai arha ba tirelar shanu ba ne.

Yarinyar da ke kan sikeli ta kalle mu, ta kalli kayan, ta ce wa Baba tikitinmu jaka ɗaya ɗaya ya ɗauka, sauran sai an biya, abin da za a biya kuma ya fi tikitin. Baba ya fara ciniki kamar bijimi zai saya. Ta ƙi. Ya kira ta 'yata, ya kira ta oga, ya juya Yarbanci, ko gezau. Nan aka fara jibga min kayan gwanjon nan. Burodi aka ce in ci, na ci har na fara ganin mutane bibbiyu. Sai Baba ya yi abin da ya saba yi a tasha, ya bi layi yana sallama da duk mai hula, "Alhaji, Kano za ka? Don Allah ga ɗan saƙo." Wasu suka kawar da kai, wani mai tsaro ya taso da masifa wai ba a haka a nan, amma kafin ya gama, goro da gari sun samu masu ɗauka. Ni dai idona na kan ƙofa, duk sanarwar da aka yi sai in ji kamar jirgina ne ya tashi.

Saura manja. Manja kuwa aka ce ko da zinare ba ya hawa jirgi. Na ja rigar Baba na ce mu ajiye a bayan wancan kwandon shara, wa zai sani? Kallon da ya yi min har yau in na tuna sai na gyara zama. Ya ce, "A hannuna ta ba ni." Na ga Tunde, na ga mai shayi, na ga kaina na koma unguwa da rigar mata a danfo, sai hawaye. Baba ya waiga, ya hango wani Alhaji Bala mai sayar da fata a layin Kano, sun san juna a Oko-Oba. Ya kama hannuna ya damƙa masa. "Alhaji, ga wani saƙon. Wannan ba ya zuba, surutu kawai gare shi. Kawunsa na jira a can." Aka yi 'yar magana da mai sikeli, aka wuce da ni. Da na waiwayo, Baba na tsaye da jarka a hannu, tikitinsa ya ƙone, yana min alama in gyara hula.

Jirgin kansa kuwa, kujera a matse, ruwa ma sai ka saya, taga ba ta buɗuwa, Tunde ya tsira. Ban gama daidaita cikina da burodi ba aka ce mun iso. Baba sai bayan kwana biyu ya sauka daga tirela, jajir da ƙura, ya wuce Sabon Gari kafin ma ya gaida mahaifiyarsa.

Yanzu ina hawa irin waɗannan jirage har na san wace kujera ce ba ta kwanciya. Ba na gaya wa kowa zan yi tafiya, a ɓoye nake fita da 'yar jaka kamar ɓarawo, kada wani ya ce ga saƙo. Sikeli bai sake tsayar da ni ba. Baba kuwa har Allah Ya karɓi abinsa bai shiga jirgi ba. Duk sanda na ɗora jakar nan tawa marar nauyi, sai in ji kamar na manta da wani abu a gida.