Hindu da Ruwan Kanal

Duk Dakko ba wanda bai san Hindu matar Labbo da tsoron ruwa ba. Mace ce gajera mai kaurin hannu, wadda za ta ɗora buhun dawa a ka tana hira kamar faifai ta ɗauko, amma da an ce za a ƙetare gulbi zuwa biki, ciwon kai zai tasar mata tun jajibiri. In kuwa dole ta sa ta shiga kwalekwale, ido take rufewa, ta ƙanƙame duk wadda tsautsayi ya zaunar kusa da ita, ta yi ta salati har a kai gaci.

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, katafiloli suka iso gonakin Dakko, suka baje kunya da tudu, aka ce a dakata da shuka sai an gama gyaran ƙasa. Labbo ya leƙa rumbu, ya ga ba zai kai su ko'ina ba, ya rataya jaka ya tafi cin rani kudu. Rani ya wuce, damina ta wuce, saƙonsa kawai ke zuwa. Gida ya koma hannun Hindu da 'ya'ya uku: Labaran ɗan fari, wanda murya ta fara buɗe masa har yana jin shi ma wani ne, sai Taiba mai bi masa, sai auta Tukur da bai daɗe da fara famfara ba.

Hindu ta shiga ƙwadago a gonakin noman rani na bakin gulbi, yau dashe, gobe cirar ciyawa, jibi tsinkar tumatir. Tarbiyyar 'ya'yanta a tsaye take yin ta, da sassafe, tana ɗaura zane tana rabon aiki. Taiba ta dama koko ta share tsakar gida. Tukur kada ya kusanci murhu. Shi kuwa Labaran, da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika dubansa ba. Sai ta fuskanci Taiba ta ce, "Gaya ma wancan ya ba awaki dussa kahin ya tahi makaranta." Wancan kuwa yana tsaye dab da ita, yana ji da kunnensa.

Ran da aka saki ruwa a babban kanal, wato hanyar ruwan nan ta siminti da aka jawo tun daga dam, gari duka ya fita kallo. Tsakiyar rani ne, rijiyoyi sun ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. Sai ga ruwa yana tahowa a hankali, faɗinsa ya fi ɗaki, yana tura kara da busasshen ganye a gabansa, ba hadari, ba tsawa. Tsofaffi suka yi ta tasbihi. Wani dattijo ya sa aka ɗebo masa a ƙoƙo, ya ɗanɗana, don ya tabbatar ba idonsa ke yi masa gizo ba. Ba a daɗe ba, ƙasar da ba ta san kore ba sai da damina ta lulluɓe da alkama har iyakar ganin ido. Ran da aka saki ruwan, Hindu ta tsaya can nesa, ta riƙe baki, ta ce lalle ɗan Adam abin mamaki ne, balle Wanda ya yi shi. Amma da ta juyo ta dubi 'ya'yanta, sai mamakin ya gushe. Kallon ruwan suke yi irin kallon da mai azumi ke yi wa randa.

Nan take ta kafa doka: duk wanda ƙafarsa ta taɓa kanal, ita da shi. Kullum ta dawo da marece, kafin ta ajiye kwando, sai ta jera su ta karci ƙaurin kowa da farce. Wanda fatarsa ta yi fari fat, ya shiga ruwa ke nan, sai tsumagiya. Dabarar ta yi aiki ɗan lokaci, har ran da ta lura man gyaɗarta yana ƙarewa ba miya ba suya, 'ya'yanta kuma ƙafafunsu suna ƙyalli kamar na amare. Taiba ce ta ƙirƙiro wannan, kuma har a ranta Hindu ta yaba wa kwanyar yarinyar, ko da yake yabon bai hana duka ba.

Wasa ya ƙare ran da kanal ya ci Mamuda, ɗan maƙwabtansu, abokin Labaran. Yaro ne da ya iya iyo a tafki tun yana ƙarami. Amma bangon kanal a karkace yake, gansakuka ta rufe shi da santsi. Ya yi ta kama bango yana zamewa, ya kama ya zame, har ƙarfinsa ya ƙare. Tun daga ranar abinci ya daina shiga wa Hindu. In ta zauna gida tsaron yara, yunwa ce za ta same su. In ta fita aiki, jikinta ne kawai a gona, hankalinta yana bakin kanal. Duk ihun da ta jiyo daga nesa, sai kwando ya suɓuce mata.

Akwai wata tsohuwa, Nagode, da suke tsinkar tumatir kunya kusa da kunya. 'Yar masunta ce daga wajen Maradun. Ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwan dam yanzu, shi ya sa ta dawo wurin 'yarta da ke aure a Dakko. Wata rana ta miƙe ta dafa ƙugu, ta ƙare wa Hindu kallo.

"Wagga rama da kinka yi, lahiya?"

"Inna Nagode, kanal na. Na yi duka har hannuna ya gaji."

"Ke kina duka da marece, ruwa na kiransu tun da sahe. Koya musu za ki yi."

"To ki koya musu, don Allah."

"Sai kin shiga ke da kanki."

Hindu ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. Tsohuwar ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan da ya tashi yana ganin uwatai na makyarkyata gaban ruwa, ran da duk ya hwaɗa, makyarkyatar za ya tuna. Ita ka kisa, ba ruwa ba."

Maganar ta yi kwanaki tana juyawa a ran Hindu. Da Talata ta zagayo, ta tafi kasuwar Mafara ta sayo ƙaton gora irin wanda masunta ke kwanciya a kai su yi iyo. Ran Juma'a da hantsi, da yake ba aiki, ta bi Nagode zuwa ƙaramin reshen kanal inda mata ke wanki, ruwan iya ƙirji. Ta tamke zane da igiya, ta sa 'ya'yanta su zauna su kalla. Abin da ya biyo baya, matan Dakko sun daɗe suna ba da labarinsa. Hindu ta sha ruwa ta hanci da baki. Ta saki gora ta rungume Nagode, saura kaɗan ta nutsar da malamar tata. Masu wanki suka bar sabulu yana narkewa, suna riƙe ciki don dariya. Juma'a mai zuwa ta dawo, da wadda ke bi mata.

Labaran kunya ta ishe shi. Wata safiya ya tsaya bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, gari duk dariya aka yi muna. Cewa suka yi uwata ta koma kwaɗo."

Hindu ba ta dube shi ba. Ta fuskanci Taiba ta ce, "Gaya ma wancan, uwar Mamuda ba mai yi mata dariya. Ya zaɓa muna guda." Ta ɗauki kwandonta ta fita. Juma'ar da ta biyo, wancan ne ya ɗauko goran.

Ranar ce Nagode ta karɓe goran ta ajiye a gaci, ta sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyar Hindu. "Kwanta awa kina bisa tabarma. Kak ki riƙa komi. Sama za ki duba." Hindu ta kwanta rigingine, ruwa ya toshe mata kunne, dariyar mata ta ɗauke ɗif. Ba abin da ya rage sai sama, shuɗiya, mai faɗin da ba ta taɓa tsayawa ta duba ba, da wata shirwa tana shawagi. Ta daɗe kafin ta gane ba hannun kowa a ƙeyarta. Ruwan da ta ji tsoro tun tana yarinya shi ke ɗauke da ita, a hankali, ba ya neman komai a wurinta. Tun da Labbo ya tafi ita ke ɗaukar kowa, sai yau ga wani abu ya ɗauke ta. Hawaye suka zubo mata don tsananin mamaki, ba wanda ya gani.

Daga nan ita ta koya wa 'ya'yanta, da hannunta a ƙeyar kowa. Abu guda take nanatawa har suka gaji da ji: in ka faɗa babban kanal, ka rabu da bango, ka kwanta ka dubi sama, ruwa zai kai ka matakalar da ke gindin gada.

Wata rana da azahar, Taiba ta dama fura ta ba Tukur ya kai wa innarsu gona. Hindu ta miƙe tana miƙar da baya, ta hango shi tafe bisa tudun kanal, ƙwarya a ka. Iska ta ɗauke faifan da aka rufe ta da shi, yaro ya kai hannu, sai ta daina ganinsa.

Ba ta san yadda ta ƙetare kunyoyin tumatir ba. Da ta hau tudun, sai ta hango shi tsakiyar ruwa, rigingine, 'yar fuskarsa kamar ƙoƙo tana kallon sama, hannuwa a buɗe. Duk jikinta ya ce ta kira shi. Amma ta san abin da kira ke yi, don ita kanta duk sanda wani ya ambaci sunanta tana kan ruwa, ta ɗaga kai, ƙafafunta nutsewa suke yi. In ya gan ta zai miƙo hannu. In ta faɗa, kanta kawai ta iya ɗauka, zai ƙanƙame ta su tafi tare.

Sai ta gangara bayan tudun, inda ba zai gan ta ba. Ta duƙa ta yi ta gudu cikin ƙaya, ta faɗi ta tashi, ta leƙo da kai kaɗan ta ga yana nan, ta sake duƙawa. Matan da suka biyo ta za su yi kururuwa, ta juyo ta ɗora hannu a baki da wani irin kallo, duka suka haɗiye. Ba a taɓa jin shiru irin na wannan azahar ba a gonakin Dakko: mata sun jeru a bayan tudu, kowa na addu'a a ciki, ruwa na tafiya da yaro.

A gindin gada ruwa ya kai shi jikin matakala. Ya juya, ya kama ƙarfe, ya hau da rarrafe. Ya tsaya yana tari, ruwa na zuba daga rigarsa. Sai a sannan Hindu ta fito daga bayan tudun, tana tafiya a hankali, ta ja zane ta rufe gwiwoyinta da ke zubar da jini.

Tukur ya ruga ya faɗa jikinta, haƙoransa na kaɗawa. "Inna, ba ki gani ba! Na hwaɗa kanal, na kwanta, na hito. Ni ɗai, ba kowa."

Hindu ta durƙusa, ta kama kafaɗunsa da hannu biyu. Ta ce, "Ban gani ba, Auta, ina can ina aiki. Ba ni labari."