Lamba Mai Farawa da Biyu

Ƙaramar ƙara ce, ƙwas, irin wadda maganaɗisu ke yi idan ya kama ƙofar firiji. Ina tsaye ina tsince shinkafa na ji ta a bayana. Kafin in waiga 'yata ta wuce ɗaki da jakar makarantarta, ta bar farar takarda manne a jikin firijin.

Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu a Katsina, kuma shekarun da na yi a Jidda ba su raba ni da wannan kunyar ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". A lokacin shekararta goma sha biyu. A nan unguwar Mahjar aka haife ta, a nan aka haifi babanta. Kakanta ne ya zo aikin Hajji yana saurayi, bai koma ba. Ni aure ne ya kawo ni.

Na goge hannu na karanta takardar. Daga markaz take, wato cibiyar unguwa inda ake koya wa mata ɗinki, yara kuma suke zuwa karatu da hutu. Za su yi baje koli a hutun tsakiyar shekara. Akwai ɓangaren girki, akwai na sana'ar hannu, sai wani na yara da aka kira mashari'ul muwaɗana, ayyukan zama ɗan ƙasa nagari. Shi ta zagaye da jan biro.

Sharuɗɗan ba su da wuya. Yaro ya kasance tsakanin shekara goma da sha biyar. Aikin ya zama wanda aka yi a cikin unguwa, aka kuma shafe aƙalla wata guda ana yinsa. A kawo shi a kan allon kwali da bai fi faɗin tebur ba, da hotuna, amma ban da fuskar wanda bai ba da izini ba. Yaron ne zai yi wa alƙalai bayani da bakinsa cikin minti biyar, iyaye ba sa sa baki. Daga ƙasa akwai wurin da uba ko uwa za su sa hannu su shaida cewa aikin na wanda aka rubuta sunansa ne. A gefen wurin suna kuma an zana ƙananan gidaje goma a jere, an rubuta a samansu: lambar katin ɗan ƙasa.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san gidajen nan goma. Lambar ɗan ƙasa da ɗaya take farawa. Ta mai iƙama, wato katin izinin zama, da biyu take farawa. Mu duka gidanmu biyu ne.

Abin da ya sa yarinyar nan ta zagaye ɓangaren, tana da aiki a hannu tun kafin takardar ta zo. A layinmu ba a zubar da burodi cikin shara. Kowa ya san ni'ima ce, sai a ƙulle ragowar a leda a rataya a jikin bango kusa da kwandon shara, da fatan wani zai ɗauka. Yawanci kuliyoyi ne ke fara zuwa. Su yaga ledar, burodin ya zube, danshin garin nan ya sa ya yi funfuna, a ƙarshe dai ya koma inda aka guje masa. Wata rana malamarsu ta hadda ta yi musu magana a kan kiyaye ni'ima, yarinyar nan ta dawo ta roƙi mai sayar da kayan miya kwandunan roba uku da ya daina amfani da su. Ta yi musu murfi da kwali, ta ajiye ɗaya a bakin layi, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da masallaci. Ta rubuta a jikinsu da Larabci, ni na rubuta mata da Hausa, wata maƙwabciyarmu ta ƙara da Urdu. Kullum bayan la'asar sai ta kwaso ta hau saman bene ta shanya a kan tsohon zanen gado. Ranar Juma'a wani dattijo mai kiwon tumaki a bayan gari yakan zo da motarsa ya kwashe. Na saba da jin ƙarar busasshen tamis, faffaɗan burodin nan na tanda, tana kakkarya shi tana zubawa a buhu.

Na ce mata zan kai takardar da kaina, tunda markaz ɗin yana hanyar kasuwa. Na ninke ta na sa a jaka. Kwana goma aka bayar.

Ban kai ba. Washegari na bi ta ƙofar markaz ɗin, na ga mata suna shiga, na wuce na sayo tumatir. Ba wanda ya ce min ba za a karɓa ba. Mu masu iƙama akwai wata ɗabi'a da muke da ita, ban san ranar da na koye ta ba. Idan takarda ba ta ambace mu ba, ba ma zuwa mu tambaya ko an manta ne. Mukan ɗauka an yi magana, mun kuma ji. Na faɗa wa babanta da safe yana ɗaure takalmi zai tafi aiki, ya ce in kai kawai, in sun ƙi sun ƙi, ai ba duka za su yi ba. Shi a nan ya girma, an sha ce masa a'a, abin bai cika tsaya masa a rai ba. Ni abin da nake gudu shi ne in dawo gida in tsaya a gaban yarinyar nan in yi mata bayanin gidan farko na lambar.

Ita kuwa ta shimfiɗa allonta a tsakar falo. Ta ari wayata ta ɗauki hotunan kwandunan, ta kula sosai kada fuskar kowa ta fito, har dattijon mai tumaki hannuwansa kawai ta ɗauka suna riƙe da buhu. Ta riƙa gwada bayaninta da agogon girki, idan ya yi ƙara ba ta gama ba sai ta rage jimla ɗaya ta sake. Sau ɗaya ta tambaye ni ko na kai. Na ce za a kai in sha Allahu. Na san yadda na faɗe shi. Akwai in sha Allahun da mutum ke faɗa yana nufin yi, akwai wanda yake fakewa a bayansa, kuma da na tsaya sallar la'asar ranar, na biyun ne ya riƙa dawo min.

Ranar Litinin yayar mijina ta zo daga unguwar Sharafiyya. Mijinta ɗan ƙasa ne, don haka 'ya'yanta duk lambarsu da ɗaya take farawa. Shekara goma sha huɗu da aurena amma har yau amarya take ce min. Da yara suka hau sama na ciro takardar na nuna mata. Ta riƙe ta nesa da ido ta karanta, ta ajiye kofin shayinta.

"Amarya, ke dai har yau ba ki waye ba. Sa sunan tawa 'yar da lambarta, halas, an gama. Taki ta tsaya ta yi bayani. Wa zai duba? Ai jini ɗaya ne."

"Yaya, 'yar taki da ko tamis ba ta iya sayowa a bakin layi?"

"Wallahi ko farantin da ta ci abinci ba ta ɗaukewa," in ji ta, tana dariya. "To ai shi ke nan, sai ta samu lada a kwance."

Ta yage gefen kwalin shayi ta rubuta min lambar, ta tura min cikin tafin hannu. Da zuciya ɗaya ta yi. Tana son yarinyar nan kamar ta cikinta, kuma ta ce haka ake yi, takarda daban, rayuwa daban.

Ba zan ce ban yi tunanin yi ba. Kwana biyu guntun kwalin yana cikin jakata tare da takardar. Na ma taɓa ciro biro. Abin da ya tsayar da ni layin nan ne na ƙasa, inda zan sa hannu in shaida cewa aikin na mai sunan ne. Shaida ce, ko da ta burodi ce. Sannan na tuna idan aka kira suna a lasifika, ba na 'yata za a kira ba, kuma ita ce za ta tashi ta amsa. Na jefa guntun kwalin cikin aljihun tebur inda muke tara ledoji.

Alhamis ce ranar ƙarshe. Bayan yarinyar nan ta tafi makaranta na sa abayata, na ɗauki katinta na iƙama, na tafi. Ofishin ƙarami ne, sanyin na'ura ya yi yawa. Wata matashiya ce a kan tebur, ana ce mata ustaza. Na yi sallama na miƙa takardar da gidajen goma a buɗe, na ɗora katin a kai don kada sai na yi dogon bayani. Ba ta kalli katin ba, idonta na kan kwamfuta. Ta tambaye ni sunan yarinyar.

Na tura katin gaba kaɗan. Ta sake tambaya, yatsunta na jira. Ba yadda zan yi in bayyana mata cewa a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Sai na faɗa. Na ji sunan a bakina kamar na ari kayan wani. Ta rubuta, sannan ta ɗauki katin.

Na ga lokacin da ta ga biyun. Ba ta ɓata fuska ba. Ta ce in ɗan zauna, ta shiga ciki da takardar. Ta jima. Da ta dawo ta yi min bayani a hankali, da girmamawa, tana kirana khala, wato inna. Ta ce yarinyar za ta iya baje aikinta, za a ba ta tebur kamar kowa, za a kuma ba ta takardar godiya. Amma ba za a sa ta cikin waɗanda alƙalai za su ba maki ba, saboda waɗanda suka ci za su wuce mataki na gaba, can kuma lambar ɗan ƙasa kawai ake karɓa. Za a rubuta mata kharijal musabaƙa, wato a wajen gasa. Ta ce ba a taɓa kawo musu irin wannan tambayar ba, shi ya sa ta daɗe.

Na yi godiya. Na karɓi biro na cika gidajen goma da hannuna, na sa hannu a ƙasa.

Da yarinyar nan ta dawo daga makaranta na ce mata an karɓa. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta ce alhamdu lillahi, ta hau sama wurin burodinta.

An yi baje kolin a harabar markaz ɗin, ƙarƙashin rumfa, daga la'asar zuwa gab da magariba. Kowane tebur na yara yana da kati mai lamba. Nata yana kusa da ƙofa, katinsa ba lamba, sai kalmomin nan biyu. Na ga ta karanta, ta gyara masa zama don ya miƙe, ta jera hotunanta, ta ajiye ƙaramin kwando da busasshen tamis a gefe. Na koma cikin iyaye na zauna, tunda sharaɗi ya hana mu sa baki.

Akwai ayyuka masu kyau. Wani yaro ya yi wa masu keken guragu taswirar hanyoyin unguwa. Wasu 'yan mata biyu sun share wani fili sun shuka itatuwa. Alƙalai uku suka bi tebur tebur da takardunsu. Da suka iso nata, biyu suka duba katin suka wuce. Ta ukun, wata dattijuwa, ta tsaya ta karanta allon har ƙasa, ta ce ma sha Allah, ba ta rubuta komai ba, ta bi sauran. Bayanin minti biyar ɗin dai an yi shi. Da yake teburin a bakin ƙofa yake, duk mai shigowa da ita yake fara cin karo, ita kuma ba ta bar kowa ya wuce haka nan ba. Na ƙirga sau shida ta yi shi daga farko har ƙarshe. Wata mata daga unguwar Ammariyya ta ɗauki hoton kwandon, ta ce layinsu ma kuliyoyi sun dame su.

Aka kira sunayen waɗanda suka ci, aka tafa. Takardar godiyar a bakin ƙofa aka miƙa mata muna fita.

Da ƙafa muka dawo, ta riƙe gefe ɗaya na allon, na riƙe ɗaya. An fara haramar kiran salla, masu shaguna suna sauke ƙofofi. A bakin layinmu, dab da kwandonta na farko, na ce mata ina da abin da zan faɗa. Na faɗa mata cewa takardar ta yi kwana tara a jakata. Na faɗa mata cewa tun ranar Alhamis na san ba za a ba ta maki ba, amma na ɓoye mata. Na fara yi mata bayanin lambar, yadda ɗaya take da yadda biyu take, ina neman kalmomin da ba za su yi nauyi ba.

Ta jingina allon da bango, ta ɗaga murfin kwandon ta leƙa, ta mayar. Hausarta ba ta cika miƙewa ba, yawanci da Larabci take amsa min, amma wannan da Hausa ta faɗe shi.

"Mama, tun ina aji ɗaya na san lambata da biyu take farawa. Kullum muna rubutawa a makaranta. Na ga takardar a jakarki ma. Na ɗauka ke ce abin zai yi wa ciwo, shi ya sa ban ce komai ba."