Mun Je Jin Wa'azin Yaya Ba da Saninsa Ba

Ladanin unguwarmu bai gama kiran assalatu ba muka fito daga gida, ranar Laraba, mu uku: ni da Inna da dattijon ikilisiyarmu, wanda kowa ke kira Baba. Inna ta ja ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara. Ba ta so maƙwabta su tambayi inda muka nufa.

Yayana yana karatun aikin fasto a wata makarantar Baftis da ke bayan wani ƙauye a yankin Dungas. Mu Kirista ba mu da yawa a wajen Bande, kuma tun da tsohon fastonmu ya rasu ba mu sami wani ba. Ikilisiya ce ta tura Yaya, ita ce kuma ke ciyar da shi. Kowace kaka gida-gida ake kawo gero da wake, a cika buhu a aika masa. Bana ana cikin tarawa sai magana ta ɓullo, wai an kori Yaya tun bara, wai wani ya gan shi a kasuwar Maigatari yana tallar cajar waya. Ba wanda ya iya faɗin ko wane ne wanin. Amma buhun ya tsaya a rabi, mata kuma suka daina haɗa ido da Inna.

Da ta kira shi ta kasa gaya masa. Shi ne ma ya ce mata, cikin murna, Larabar nan shi zai yi wa'azi a ɗakin sujada. Da Baba ya ji sai ya ce abu ya zo da sauƙi: a je a gani, kada a sanar da shi. In yana nan buhu ya tafi, in ba ya nan kowa ya ɗauki hatsinsa. Ni an tafi da ni ne don Inna ba za ta yi doguwar tafiya da namiji ita kaɗai ba, mahaifinmu kuwa ya rasu. Mushe, malaminmu na boko, ya ba ni izinin fashin lakwal, amma sai da ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

Daga Bande zuwa Magariya hanyar gudro ce, mai kwalta, ba wahala. Mun shiga bayan wata mota da ta ɗauko rake, muka zauna a kan dammunansa, sanyin safiya yana shiga ta ƙarƙashin mayafi. A tashar Magariya Inna ta saya mana awara mai zafi da kunu. Mai awarar ta ce guda dala biyar, in da naira ne kuma sai ta sake tunani. Baba bai ci ba. Ya ce shi ba ya cin abin tasha, ba a san man da aka soya shi da shi ba. Da aka jima na ga ya juya baya yana tauna ƙosai.

Daga nan muka ɗauki jar hanya muka yi gabas. Motar irin wadda ake buɗe ƙofarta da igiya ce, hanyar kuma ta yi gargada har haƙorana suna haɗuwa. An gama girbi, gonaki sun zama kara zalla, shanun makiyaya sun shiga suna kiwo. Amalanke muka yi ta wucewa, kowace da dammunan gero har sun fi jakin tsawo. Duk wadda muka wuce sai na ga Baba ya bi ta da kallo, sannan ya kalli Inna. A Dantchiao jandarma ya karɓi takardun kowa, ya duba fuska ya duba hoto. Ya fi daɗewa a kan hoton Baba, don a can yana da baƙin gashi.

Wani tsoho mai carbi da ke kusa da Inna ya tambaye ta ina zuwa. Ta ce yaro za mu dubo a makaranta. Ya ce karatun addini ne? Ta ce e. Sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, Allah ya buɗa masa, ya sa ya amfani jama'a. Baba ya amsa amin da ƙarfi. Ni dai na sunkuya ina kallon yatsun ƙafata. Na lura Inna ta shafa addu'ar da hannu biyu, ta daɗe ba ta sauke su daga fuskarta ba.

A Dungas muka hau kabu-kabu biyu, don rairayi ne daga nan har makarantar. Sau da yawa sai mun sauka an tura. Hantsi ya yi sosai sa'ad da muka hango darbejiyoyi a jere da rufin kwano a tsakiyarsu.

Mai gadi ya tare mu a ƙofa, ya ce wajen wa muka zo. Baba ya ce sujada muka zo. Mai gadi ya ce ya ji, amma wajen wa? Baba ya ƙi faɗa, don yana tsoron a ruga a shirya mana wani abu. Shi kuma mai gadi ƙin faɗar ne ya sa ya ƙara tsayawa a tsakiyar ƙofa. Ya sa Inna ta kwance ƙunshinta, ya buɗe kwanon ƙuli-ƙuli, ya shinshina garin yaji har ya yi atishawa. Daga ƙarshe ya kira matar wani ɗalibi ta raka mu. Ta zaunar da mu a bencin baya, bayan wani ginshiƙi, ita ma ta zauna a bakin bencin. Har aka fara waƙa idonta yana kan ƙunshin Inna.

Ɗakin sujadar ya fi majami'armu girma nesa ba kusa ba. Daɓen siminti ne, an share shi har ana ganin sawun tsintsiya. A gaba akwai gicciye na katako da mumbari da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Rufin kwanon yana ƙas-ƙas saboda rana. Ɗalibai maza suna jerin gaba, matansu a gefe guda da ganga da tulu da kacau-kacau. Waƙoƙin da muke yi a gida ne, sai dai nan ba a jan su, kuma kowa ya san baitin ƙarshe.

Ban yi waƙar ba. Ƙeya-ƙeya nake bi. Yaya yana da kunnuwa masu fitowa waje, ko cikin kasuwa ina gane shi ta baya. Na bi jerin farko, na bi na biyu, na sake dawowa. Babu shi. Baba ma abin da yake yi ke nan, yana miƙa wuya ta gefen ginshiƙi. Da ya gama sai ya sauke ajiyar zuciya mai ƙara, ya naɗe hannu a ƙirji. Inna ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Aka yi addu'a, aka yi sanarwa da Hausa da Faransanci, aka yi wata waƙar, ba ta sake ni ba.

Sai ƙofar gefe ta buɗe, malamai suka shigo. A bayansu ga kunnuwan nan. Ya rame. Yana sanye da kwat da ta fi ƙarfinsa, hannunta ya rufe masa yatsu.

Misalin mai shuka ya karanta, wanda irinsa ya faɗa a kan ƙasa iri-iri. Da farko muryarsa tana rawa, daga baya ta zauna. Ya kawo zancen binne, yadda a jigawarmu ake zuba iri cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, mutum ya koma gida bai san ko tsuntsu zai tone ko zafi zai ƙone ba. Ya kawo zancen ƙuduji, da ke fure mai kyau a gona alhali yana shanye geron ta ƙarƙashi. Na ji daɗin wannan. Sai dai yana sauri, yana ta jan hannun kwat, gumi yana ɗiga a kan Littafi. Bai gan mu ba.

Da ya ce amin na ɗauka za a yi waƙar rufewa. Ba a yi ba. Wani malami mai furfura ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar jama'a, Yaya kuma ya sauko ya tsaya a gabansu, hannu a baya. Wani ɗalibi ya miƙe ya ce mai wa'azi ya bar nassi ya tafi noma, bai dawo ba sai kusan ƙarshe. Wani ya ce duk numfashi sai ya ce "jama'a". Wani ya ce rufin kwano yake yi wa wa'azi, ba mutane ba. Malamin ya ce an ji ƙasa iri-iri, amma ba a gaya wa mai sauraro abin da zai yi da tasa ba. Yaya yana ta gyaɗa kai.

A majami'armu ba a tsayar da mutum a gaba ana lissafa masa laifi sai in za a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi cin jibin Ubangiji. Abin da muka sani ke nan. Baba ya karkato wajen Inna ya ce a hankali, "Kin ji ko? Yau ne ma za a kore shi. Mun zo a kan gaɓa."

Inna, wadda ko a taron mata ba ta magana, ta miƙe tsaye.

"Malam, a yi mini gafara," ta ce. "Ni na haife shi. In laifi ya yi, ku kira ni ɗaki ku gaya mini. Kada ku tsinka shi a gaban matan mutane."

Duk ɗakin ya juyo. Na so daɓen ya tsage in shige. Yaya ya buɗe baki, bai rufe ba.

Malamin ya tashi daga kujera ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata barka da zuwa. Ya bayyana cewa haka ake yi wa kowa duk Laraba, shi ma an yi masa a zamaninsa, kuma ba a ba ɗalibi mumbarin nan sai ya yi nisa a karatu. Ya nuna wanda ya fi kowa suka ya ce mako mai zuwa shi ne a gaba. Sannan ya ce tunda wajenmu Yaya zai koma, ko Inna tana da nata gyaran?

Ta gyara mayafi.

"To, in haka ne," ta ce, "ya cika sauri, kamar an biyo shi. Tsofaffinmu kunnensu ya yi nauyi. Ya riƙa tsayawa yana haɗiye yawu."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har matar da ke gadinmu. Malamin ya ce wannan ne gyaran da ya fi na kowa yau. Aka tambayi Baba, ya ce shi ba shi da abin cewa.

Mun ci tuwon gero da miyar kuka a ɗakin Yaya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da tabarma da fitila da littattafai a cikin kwali. Buhun bara yana rataye a azara saboda ɓera, saura kaɗan a gindinsa. Na ga Baba ya kai hannu ya taɓa gindin, kamar ba da gangan ba. Ana cikin ci ya tambayi Yaya, kamar hira, yaushe rabonsa da Maigatari. Yaya ya ce tun yana yaro, da mahaifinmu ya kai shi sayar da rago. Ya faɗa yana murmushi. Sai ya kalli Baba, ya kalli Inna da ta sunkuyar da kai a kan kwano, murmushin ya tafi.

Da na fita wanke hannu a famfo ya biyo ni, ya riƙe mini buta.

"Auta, duba ni kuka zo yi ko?"

Na ce Inna ba ta taɓa yarda da zancen ba. Ya ce wane zance? Nan na gane na riga na ba shi amsa. Bai sake tambaya ba. Ya zuba mini ruwan har na gama, ya raka mu bakin ƙofa, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama yadda ya saba.

A hanyar dawowa motar ta fi ta safe cika, da akuya a ƙarƙashin ƙafata har Magariya. Baba ya ce ba wa'azin ne ya gamsar da shi ba, sukar ce, don ba wanda zai zauna yana gyaran yaron da ya riga ya sallama. Can kuma ya ce amma kwat ɗin nan ba tasa ba ce, ya kamata a san ta wa ce. Inna ta kalli taga. Mun iso gida ana kiran magariba, ƙafafunmu jajawur.

Ranar Lahadi Baba ya miƙe a majami'a ya faɗi abin da ya gani, bai rage ba. Kafin Talata buhu ya cika har ba ya ɗinkuwa, kuma waɗanda suka fi kawar da kai su suka kawo tiya mafi tozo. An aika masa.

Na koyi cewa a makarantar fastoci tsayuwa a gaba ba horo ba ne, kuma kada in sake zama a kan rake da farin zane. Na kuma koyi cewa mu da muka je dubawa mun sauke namu nauyin a can mun dawo, shi muka bar wa. Da buhun ya isa ya kira ya yi godiya, ya ce a gaida kowa. Inna ta tambaye shi yaushe zai sake yin wa'azi. Ya ce zai faɗa mata bayan ya yi.