Sit ɗin da Badamasi ya ɗinka wa surukarsa

Badamasi bai taɓa kiran kansa mai ɗinkin sit ɗin babur ba, in ma ka kira shi da haka sai ya harare ka. Manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke bayan Auyo, inda ruwa ke cinye hanya da zarar damina ta zauna. Da ƙuruciyarsa dai ya yi zaman Haɗeja a rumfar wani mai gyaran kujerun kushin, ya koyi yankan soso da jan leda, har ya fara jin kansa, sai mahaifinsa ya rasu aka ce ya dawo ya riƙe gona. Ya dawo. Tun daga nan shinkafa ke shan jininsa: bana ambaliya, baɗi tsuntsaye, wata shekarar kuma ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa. Bai kai hamsin ba, amma in zai zauna sai ya ce wash, in zai tashi ma sai ya ce wash.

Surukarsa Inna 'Yar'azumi, mahaifiyar matarsa Rahmatu, ta dawo gidansa da zama bayan rasuwar mijinta. Ba da son ranta ba ne. Ɗanta namiji guda ɗaya yana can Kudu wajen fataucin shanu, sai dai a ji muryarsa a waya. Ita kuwa daga gidan Fulanin nan take da suka daɗe da ajiye sanda, amma kunyar ba su ajiye ba. Ba ta cin abinci in yana tsakar gida. In za ta yi masa magana, ta bayan labule take yi. Shi ma tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Haka suke zaune, ba kuma wanda ya ga abin gyara a ciki.

Sai ciwon suga ya buɗe mata miki a ƙafar hagu. A asibitin Haɗeja aka ce a riƙa kawo ta wankin mikin duk mako, in aka yi wasa ƙafar ce za ta tafi. Da rani abin da sauƙi, su uku a kan babur ɗinsa: Badamasi a gaba, Rahmatu a tsakiya, tsohuwa a baya ta rungume 'yarta. Da damina ta kankama cikin Rahmatu ya tsufa, ba ta iya hawa babur. Mota ba ta shigowa ƙauyen, 'yan acaɓa kuma da sun ji an ce tsohuwa mai miki ce a kan wannan hanyar sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Ranar da suka fita su biyu, Inna ta zauna can ƙarshen babur a kan ƙarfen ɗaura kaya, ta ƙanƙame shi, ta bar filin da akuya za ta kwanta tsakaninta da surukinta. Suna kan jinga babur ya faɗa rami, ta zame ta faɗi cikin laka. Badamasi ya diro ya tsaya a kanta hannuwa a buɗe, ya rasa ta inda zai kama ta. Ƙato da gemu, wallahi, yana zagaye tsohuwa yana sannu, sannu. Sai da wasu mata masu cirar ciyawa suka fito daga gona suka ɗaga ta. Da suka koma gida ta aiko Rahmatu ta ce a gaya wa Malam, don haka take kiransa, ta yafe asibiti.

"Ai sai ka ce mata ta riƙa riƙe ka," in ji Rahmatu.

"Ni zan ce mata? Ke da ta haifa kin faɗa ta ji?"

"To mu zuba ido a yanke ƙafar?"

Ya tashi ya fita. Ransa a ɓace yake, da tsohuwar, da hanyar, da kansa. Washegari ya jingine babur a gindin darbejiyar tsakar gida ya kwance sit ɗin.

Matsalar farko awo ce. Wa zai auna surukarsa? Sai ya sa Rahmatu ta fakaici ido ta ɗauko masa 'yar kujerar da Inna ke zama a kai tun tana gidan mijinta, wadda zama ya goge har ta yi loko. Da ita ya gane faɗin da yake nema. Ya ɓamɓare tsohuwar leda, ya kankare tsatsar farantin ƙarfen da ke ƙasa, ya ɗaura shi a keken aro ya kai wa mai walda a Auyo. Aka ƙara masa tsawo, aka kafa abin jingina a gefe ɗaya tunda a gicciye take zama, da marikin hannu, da wurin ɗora ƙafa a ƙasa. Mai waldar yana ta tambaya, Badamasi ya ce masa shi dai ya liƙa.

Soso mai tauri ya saya, mai laushin kuwa daga ƙasan katifarsa ya yanko. Rahmatu ta gani ta kau da kai. Ya shafa gam, ya jera mai taurin a ƙasa, mai laushin a sama, ya bi da wuƙa yana feƙewa kaɗan-kaɗan har wurin zaman ya yi kwari yadda mutum ba zai zame ba. Sannan ya zo kan abin da tun farko shi ne dalilin aikin. Tsakanin mazauninsa da nata ya tayar da tudun soso mai kauri, tsayinsa ya kai rabin baya, yadda ko burki ya taka da ƙarfi, soso za ta daka, ba shi ba.

Maƙwabcinsa Ja'afar ya leƙo ta kan katanga. "Badamasi, gadon amarya ake haɗawa?"

"Naka ne, in ka samu mai yarda da kai."

Ledar ce ta wahalar da shi. Ya shanya ta a rana don ta yi laushi, hadari ya taso ya rufe ranar. Ya ja ta a haka, ta yi tattara a gindin tudun, ya farke. Rahmatu ta sake ɗinke masa kusurwoyin a keken ɗinkinta tana nishi. Hannun nan da a da yake jan leda har ta yi ƙara kamar ganga, yanzu ba ƙarfi, yatsu duk kanta. Ga warin gam ya hau masa kai, ga ciyawa can tana cin shinkafarsa, yana sane. Sau da yawa yakan ajiye basilla ya zauna kawai yana kallon babur ɗin, yana jin kamar ya bar komai ya shiga ɗaki ya kwanta.

 Da ya gama ya ɗaura sit ɗin, ya bar babur a ƙofar ɗakin Inna, ya fita zaure ya zauna. Rahmatu ce ta zo ta ba shi labari. Wai tsohuwa ta fito da sandarta ta zagaya shi, ta danna wurin zaman, ta jijjiga marikin. Da ta zo kan tudun ta daɗe tana shafa shi. Sannan ta ce, "Malam ya san ya kamata. A ce masa gobe da safe."

Haka suka ci sauran daminar. Rahmatu ta ɗaure mata ledar kariya a ƙafa, su bi jinga, inda ruwa ya yanke hanya a saka su a kwale-kwale har da babur, su fito su hau kwalta. Ba ta sake faɗuwa ba. Ba sa hira. Tana riƙe da ƙarfenta, yana kallon gabansa. Amma mai babur yana sanin nauyin abin da ya ɗauko, kuma mako bayan mako Badamasi yana jin bayan babur ɗin yana rage nauyi. Mikin bai rufe ba. Likita ya daina yi masa faɗa, ya koma cewa a ci gaba da haƙuri, wannan kuwa ya fi faɗan tayar masa da hankali.

Rahmatu ta haihu, shinkafa ta yi rabin abin da ya sa rai. Wata Talata da rana suna dawowa daga wanki, sun bar Haɗeja ke nan, kwalta lafiya lau ba rami ba gargada, sai ya ji abu a kafaɗarsa. Hannu ne. Ya tsallako tudun soson ya sauka a kan rigarsa, mara nauyi, da zafi kamar an ɗauko shi daga bakin murhu. Can kuma sai ya ji gefen kanta ya kwanto a bayansa.

Duk daminar nan abin da yake roƙo ke nan, tsohuwar nan ta riƙe shi ya huta. Yau da ta riƙe, sai tsoro ya kama shi, don ya san matar da ta gwammace a yanke mata ƙafa a kan ta taɓa shi ba ra'ayi ta sake ba, ƙarfin ne ya ƙare. Ya sassauta gudu. Bai waiwaya ba, bai kuma motsa kafaɗar ba, don kada ta farga ta janye.

"Malam," ta ce, muryar can ƙasa, "da sauran nisa?"

"Mun kusa, Inna," in ji shi, alhali ko Auyo ba su kai ba.