Tukunyar Naman Kaza

Shekarun baya can, lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka, Abuja kuma kullum ka fita sai ka tarar da sabon gini ya tsiro, muna zaune a Karu ni da maigidana, a gidan haya mai ɗakuna a jere. Ina amarya. Shi yakan fita ma'aikata tun da sassafe, ni kuwa in na gama shara da wanke-wanke sai in kwanta da littattafan soyayya, ina jiran ranar da rayuwata za ta fara kama da ta ciki.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya. A bayan ɗakinta take noman naman kaza. Ba kazar da ake yankawa ba, tsiron nan da ke fitowa jikin ruɓaɓɓen itace da damina, wanda a garinmu muke ce wa laimar kwaɗi mu taka mu wuce. Nata fari ne tas, a ledojin garin katako take fitar da shi. Ranar da ta soya mini da albasa da attarugu, sai da na lashe cokali. A take na hango kaina na ajiye wa maigida shi a faranti mai fure, ya ɗago ido a hankali ya dube ni.

Ana haka aka yi mata canjin wurin aiki zuwa can gaba da Masaka. Wurin 'yar'uwarta za ta fara sauka, ɗaki ɗaya, babu inda za ta ajiye komai. Ta kira ni ta miƙo mini kwalba guda cike da dawa, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe ta. Ta ce shi ne irin, ta yi shekaru tana juya shi daga kwalba zuwa kwalba, kuma wannan ce ta rage mata. In ba a juye shi cikin sabuwar dawa ba, tsufa zai yi ya mutu.

"Amarya, ka riƙe mini shi amana," in ji ta, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "In na samu gida zan zo ka ba ni."

Ta yi mini bayani: in wanke kwalaben mayonis, in zuba dawa mai rabin dahuwa, in huda murfin in toshe da auduga, in turara su a tukunyar firesha, irin mai rufewa gam tana dafa abu da tururi, har duk wata ƙwayar cuta ta mutu, in sun huce in zuba irin. Ta faɗi wasu abubuwan ma. Rabi na ji, rabi ina can ina zaɓar faranti.

Washegari na tafi kasuwa, shagon wani Alhaji Bakano mai kayan kicin. Na ce ina son tukunyar firesha, ta naman kaza. Ya tambaye ni guda nawa nake so ta ɗauka a tashi ɗaya. Na tuna kwalabena na ce shida. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce lallai gidanmu akwai albarka. Na sunkuyar da kai ina murmushi, wai ya gane ni mace ce mai sana'a.

Ya sauko mini da wata mai faɗi, gajeriya, mai jan mariƙi, tana sheƙi har ina ganin fuskata. Kusa da ita akwai wata doguwa mara fasali, kamar tukunyar gas, ko kallo na biyu ban yi mata ba. Na dai tambaye shi anya wannan ba ta yi gajarta ba.

"Hajiya, ai ba a tsaye za ki sa su ba," ya ce. "Kwantar da su za ki yi, ki jera gefe da gefe."

Haka na yi. Na kwantar da kwalabe, tukunya ta yi ta huci, ruwa ya jiƙa audugar ya shiga ciki, dawa ta caɓe. Na ga alama, amma na ce ai mai shago ya fi ni sani. Na zuba rabin irin. Bayan 'yan kwanaki, maimakon fari sai ga kore ya rufe dawar kamar ajiyayyen burodi, ga wani tsami da ke tashi.

Maigida ya dawo ya same ni a sito ina hawaye. Na ɗauka zai durƙusa ya share mini. Taga ya fara buɗewa, ya tambaye ni me ya mutu a nan. Da na gama labari sai ya zauna kan buhun shinkafa ya ɗauki kwalbar irin, ya ga saura rabi, gefenta har ya fara ja don tsufa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa sayo musu takalmin salla ba sai ta auna ƙafarsu da kara ta tafi da karan kasuwa. Don me ban tafi da kwalbar ba?

Ranar Asabar muka koma tare, na dire kwalbar mayonis a teburin Alhaji. Ya dubi kwalba, ya dube ni, ya ce ina kazar. Da maigida ya yi masa bayani, dariya ya yi har sai da ya riƙe hularsa.

"Haba Hajiya, da laimar kwaɗi kika ce ai da na gane. Ni kaji shida na ɗauka, har na ba iyalina labari na ce su yi koyi." Ya goge ido ya juya wajen maigida. "Amma oga, tsakani da Allah, ci ake yi?"

Daga nan ya tattare hannun riga, muka yi ta tsayar da kwalba a tukwane ɗaya bayan ɗaya. Doguwar nan da na raina ita kaɗai ta rufu da kwalba a tsaye, har da sarari a sama. Huɗu take ɗauka, ba shida ba. Tana da faifan ƙarfe mai huji a ƙasa, kwalba ba za ta taɓa gindin tukunya ta fashe ba, sannan ana samun robar murfinta a kasuwa in ta saki. Ita muka ɗauka. Mai jan mariƙin ta koma dafa wake da ganda.

Na sake dafa dawa, na jera kwalabe a tsaye, na zuba ragowar irin. Kullum in leƙa sito, kullum dawa tana nan a dawarta. Wata safiya na ga wani farin gashi ƙanƙani ya kama ƙwaya ɗaya, ya miƙa zuwa ta kusa da ita. Ɗaya daga cikin kwalaben ta yi kore na zubar, ukun suka cika fari fat.

Wajen ƙarshen damina maƙwabciyata ta zo. Na kawo mata biyu. Ta ɗaga su a hasken ƙofa, ta jujjuya, ta sunsuni audugar, sannan ta ce, "Amarya, ka iya."

Mun daɗe da barin Karu, na kuma daɗe da daina noman. Sai daga baya na gane wannan ne karo na farko da wani ya ba ni abu mai rai ya juya baya ya tafi, kuma na mayar masa da ransa. Ranar na raka ta bakin titi, ta naɗe kwalaben a ɗankwalinta ta rungume. Kwandastan motar Masaka ya miƙo hannu zai sa su a but ɗin motar, ta hana shi. A cinyarta suka tafi.