Rijiya a Gonar Suruki

Zailani bai taɓa yin wata sana'a ba sai haƙar rijiya. Gado ya yi. Daga ƙauyensu da ke yamma da Ɗambatta har gefen Tsanyawa, da wuya ka sha ruwan rijiyar da ba shi ko mahaifinsa ya haƙa ba. Gajere ne kakkaura, ga shi ba ya son magana. In ya kafa dagi a wuri ya ce nan, to a fara neman guga kawai.

Sai ga farin tamanin da huɗu. Shekarar nan, Allah kada ya maimaita! Gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, rijiyoyin gari suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Zailani ya haƙa sababbi biyu, kowace gaba goma sha biyar, ko damshi bai gani ba. Masu ja masa ƙasa suka fara zamewa. Gida bakwai suka kulle suka nufi Kano, mai gari kuma ya ce in ta ukun ma ta ƙi, to kowa ya kama gabansa.

Abin haushin, Zailani ya san inda ruwan yake. Mahaifinsa ya taɓa nuna masa tsohon kwarin da kogi ke bi kafin ya sauya hanya, wanda yashi ya binne tun zamanin kakanni. Amma kwarin ta tsakiyar gonar Malam Khalilu ya ratsa, Malam Khalilu kuwa mahaifin matarsa Hure ne. Shekara ashirin ko ido bai taɓa haɗawa da tsohon ba. In ya hango shi a hanya, takalmi yake cirewa ya durƙusa. Ta ina zai buɗe baki ya ce a ba shi gona ya farfasa? Shi ya sa yake ta haƙa a kan iyaka, wai ko ruwan zai leƙo. Haba, ai kunyar nan ta yi yawa!

Ana cikin haka wani injiniyan ruwa, Muntaka, ya zo da mota. Ya shimfiɗa wani babban hoto a tabarmar ƙofar mai gari, ya ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko daga sararin samaniya. Dattawa suka yi cirko-cirko. Ga kogi nan siriri kamar zare, ya tsaga tsakanin duwatsun Kazaure ya gangaro cikin gonaki. Muntaka ya ɗora yatsa a kan wani layi mai duhu-duhu da ya rabu da kogin ya biyo ta bayan gari.

"Wannan burtalin shanu ne?"

Zailani ya leƙa. "Ba burtali ba ne," ya ce a hankali. "Jerin gawo ne da kanya. Tsohon kwari suke bi."

"To ai a nan ruwa yake! Gonar wa ce wannan da ya ratsa?"

Malam Khalilu ya matso da sandarsa, ya daɗe yana duba hoton.

"Tawa ce," in ji shi. Sai ya juyo. "Zailani, dama ka sani?"

"Na sani, Baba." Kansa na ƙasa.

"Innalillahi! Jikokina na kwana da ƙishirwa, kai kana can kana jin nauyina? Gonar me ta haifa bana in ba kara ba? Tashi ka ɗauko daginka, kafin in buga maka sandar nan!"

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda suka manta rabonsu da ita.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana haƙa. Tsohon kullum yana zaune a bakin ramin, yana kora samari su ja igiya. A gaba ta tara yashi ya yi sanyi. Zailani ya ƙara sara biyu, sai ya ji ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya zauna daɓas cikin taɓo, wani sanyi ya ratsa zuciyarsa.

"Zailani! Lafiya?" Malam Khalilu ya kwaɗa kira daga sama.

Zailani ya cire hularsa ya tsoma a ruwan, ya jefa a kwando, ya girgiza igiya. Aka jawo ta tana ɗiga.