Madubin Ruwa a Tabkin Garinmu

Ni ba ɗan ruwa ba ne, kuma babu ɗan ruwa ko ɗaya a zuriyarmu. Mutanen Kurfai ne mu, manoman hatsi. Ruwan da muka sani shi ne na guga, sai na tabkin da damina ke bar mana a bayan gari. Amma shekarar da aka bi ƙauyuka ana ɗibar samari soja, mai gari ya nuna ni da sanda, aka kora mu Filinge. Daga can aka yi ta tafiya da mu, ƙafa, mota, jirgi, har wani gari na bakin teku a Faransa inda ake ajiye baƙaƙen soja don kada sanyi ya gama da su. Garin ƴan hutu ne. Annasara su zo da matansu su tuɓe su kwanta kan rairayi, ba gona ba kiwo, har fatarsu ta yi jawur, wai su hutawa suke.

Hafsan da nake wa wanki da gogen takalma kuwa ruwa ya shiga kansa. Da hannunsa ya haɗa wani madubi, ya kewaye shi da robar taya yadda zai kama fuska, ga kuma bututu da ake cizawa a baki, ɗaya kan yana sama yana shan iska. Duk Lahadi sai in ɗaukar masa kayan mu gangara wani lungu tsakanin duwatsu inda ruwa ke kwance. Wata rana ya matsa sai na gwada. Na shiga iya ƙirji ina karanta duk abin da na iya, na duƙa na sa fuska. Wallahi na ga yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya. Na ga ƙananan kifaye suna kewaya gwiwata, ciyawa tana rausaya a kan duwatsu, ga shi kuma ina numfashi abina. Tun daga ranar ni ma na kamu. Da aka sallame ni, ya haɗa mini da tsohon madubin a cikin kayana.

Na dawo gida da rani, tabki ya bushe har ya dare. Ni kuma bakina ba ya rufuwa. A kasuwar Bonkuku, a gindin gawon ƙofar gidanmu, duk inda mutum uku suka taru sai in fito da madubi. Tsofaffi su ɗaura a fuska, a yi ta dariya. Matar yayana, wadda ba ta gajiya da tsokanata, ta ce yanzu sai in leƙa rijiya in nemo mata zobenta na bara. Na ce musu da wannan abu mutum na ganin allura a ƙasan ruwa. Ba ƙarya na yi ba, amma ruwan da nake nufi ba su taɓa ganin irinsa ba, ni kuma ban tsaya na bambanta musu ba, don daɗin saurarona da ake yi. Da damina ta sauka tabki ya cika, ban je na gwada ba. Na ce noma ne ya hana ni.

Muna da yadda muke yi idan mutum ko dabba ta nutse. Duk namijin da ke kusa ya ruga, a kama hannun juna a jeru, a shiga ana lalube da ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba a shawara, ba a jiran kowa. Haka muka taso muka gani.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, da hantsi ina gonata mai nisa. Matar yayana ta je wanki bakin tabki da ɗiyarta, ƴar shekara bakwai. Ƙwarya ta kuɓuce, yarinya ta bi ta, ƙafarta ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan da ake haƙar laka ta gini, waɗanda ruwa ya rufe. Uwar ta yi kururuwa, maza suka zubar da hauya suka sheƙo, har sun kama hannu. Sai yayana da kansa ya tare gabansu.

“Ku dakata! Kak ku dama ruwan! A kira soje ya zaka da madubi nai!”

Suka tsaya. Aka ruga gonata, daga can na ruga gida, na zazzage jakar soja ina neman madubi. Da na iso, gari duka na bakin tabki, babu wanda ya jiƙa ko idon sawu, suna tsare mini ruwa. Ruwan kuwa kamar kunu. Tun kafin in ɗaura madubin na san yadda za ta kasance.

Na shiga, na duƙa. Ja kawai na gani, sai baƙi. Na kawo tafin hannuna dab da fuskata, ban gan shi ba. Zafin rani ya fasa robar, ruwa na shigowa yana cika mini hanci. Na ɗago, idanu duka a kaina.

“Mi kag gani?” in ji yayana.

Abin da ya kamata in ce guda ne, ku shigo, ku shigo duka, ban ga komai ba. Ban faɗa ba. Kunya ta hana ni, da tsoro, da ganin yadda yake dubana kamar ni ne zan miƙo masa ita. Na ce bari in koma. Sau uku ina komawa, ina lalube da hannu a cikin laka kamar makaho, su kuma suna tsaye.

Wani tsohon Bafillace ne ya kawo shanunsa shan ruwa. Shi bai taɓa jin labarin madubina ba. Da aka gaya masa yarinya ce a ciki, ya jefar da sandarsa.

“To mi kuke jira? Ku kama hannu!”

Ya shiga, aka bi shi. Ba a yi taku ashirin ba ƙafar wani ta taɓa ta. Ramin na can gefe, nesa da inda nake ta dulmuya. Aka fito da yarinyar, aka kifa ta, aka matsa cikinta, ruwa ya fito, ita ba ta dawo ba.

Da an shiga tun farko, da ta rayu? Ban sani ba. Na juya tambayar nan shekaru ban samu bakinta ba. Babu wanda ya zarge ni. Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, yayana ya ce shi ya tsayar da mutane, ba ni ba. Na so a ce wani ya zage ni ko ya ɗauke ni da mari, babu wanda ya yi.

Bayan sadakar bakwai, ina zaune ina gyaran ƙotar hauya, matar yayana ta zo ta durƙusa nesa kaɗan. Ta rame, muryarta ta dushe.

“Soje, kai ɗai kas shiga da ido. Ka gane ta can ƙasa, ko? Tana jin tsoro?”

Na dubi ƙotar da ke hannuna. Na ce na gan ta. Na ce kwance take a kan rairayi fari, idonta rufe, ruwa garau, ƴan kifaye na kewaya ta. Tabkinmu ba shi da farin rairayi, ita ma ta sani. Amma ta gyaɗa kai, ta share fuska da bakin zanenta, ta ce in sake faɗi.

Ta yi shekara talatin da wani abu a duniya bayan haka. Duk damina, ranar da tabki ya cika, sai ta zo ta durƙusa ta ce in gaya mata, ni kuma in gaya mata.